Doron Motar Alhaji

Ni mutum ne mai gyara wa mutane Hausa. Tun ina yaro nake da wannan hali, Abuja kuma ta ƙara lalata ni, don gari ne da za ka ji ƙato da gemunsa yana cewa "matata ya tafi kasuwa" kuma ko a jikinsa. A ofis har tsokanata ake yi, sai wani ya zo bakin teburina da gangan ya ce "motana ya lalace" don dai ya ga na ajiye biro. Na fara da wannan ne saboda abin da ya faru da motar mahaifina, in aka bi diddiginsa, a kan Hausa ya faru, kuma ni mai gyaran ni na sha ƙasa.

Motar tsohuwa ce ƙirar Faransa, mai dogon bayan nan da ma'aikata suka yi yayi a da. Da ita Alhaji, mahaifina ke nan, ya kwaso mu daga Kano lokacin da aka dawo da ma'aikatarsu Abuja, ina aji uku a sakandare. Ba mu cika shekara biyu ba Inna ta zame a banɗaki ta faɗi a kan bayanta. Aka yi mata aiki, aka sa ƙarfe a ƙashin bayan, ta tashi da ikon Allah tana tafiya da sanda, amma sunkuyawa ta ƙare mata. Ko sallah a kan kujera take yi har yau. Wanda ba ya iya sunkuyawa kuwa ba ya iya shiga mota, abu ne da ba ka lura da shi sai ya faɗo gidanku.

Alhaji bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗauki motar ya kai Mararaba wurin wani mai walda da bugun jikin mota, ta yi wata biyu a can, ranar da ta dawo na so ƙasa ta tsage in shige. An yanke rufin daga bayan direba an ɗaga shi sama kamar taƙi biyu, ya zama doro. Ƙofar baya ta dama an ƙara mata tsawo har ta shiga cikin doron. Kujerar wajen an ɗora ta a kan gindin kujerar aski, tana juyowa ta kalli waje. A cikin rufin kuma an manna wani lanƙwasasshen ƙarfe na kamawa. Inna za ta tsaya ta ba wa kujerar baya, ta ɗaga hannun dama ta kama ƙarfen, ta sauka a miƙe kamar ana sauke tulu, sannan Alhaji ya juya kujerar ciki ya rufe ƙofa. Fentin doron ma bai zo daidai da na sauran jikin ba, ya fi shi duhu. Yaran makarantarmu suka sa mata Raƙumin Alhaji, ni kuma na koma roƙon a riƙa sauke ni tun daga kwanar gidan mai.

Shekara talatin motar nan tana kai Inna asibiti, biki, gaisuwar mutuwa, da gonar da Alhaji ya saya a Orozo. An sauke inji an ɗora wani, an canza giya, doron yana nan. Da Alhaji ya rasu shekara biyu da suka wuce, aka yi rabon gado, gidanmu na unguwar Gudu da motar suka faɗo wajena, Inna kuma ta ci gaba da zama a sashenta.

Ni ne ɗan fari, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta miƙo min abu hannu da hannu, in za ta yi min magana sai ta bi ta kan wanda ke kusa, ta ce ku gaya masa kaza, ko da ina durƙushe a gabanta. In ba kowa a ɗakin, bango take gaya wa. Haka na taso, ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba, amma ban taɓa zama na yi tunanin abin da irin wannan kunyar take hana mutum faɗa ba.

Bayan arba'in na sayo jif mai sanyi da kujerun fata, na ce daga yau an huta da Raƙumi, na tura shi ƙarƙashin rumfa a bayan gida. Sau biyu Inna ta shiga jif ɗin, matata tana tallafa mata, sau ɗaya asibiti, sau ɗaya ta'aziyya. Duk sau biyun ta dawo ta kwanta kwana uku, aka ce zazzaɓi ne, na sayo magani. Daga nan ta daina fita. In an zo da katin biki sai ta ce ƙafa, in rasuwa ce ta aika. Na ce tsufa ne da kewar Alhaji, na bar ta ta huta. Shekara ɗaya da rabi ba ta taka bakin ƙofar gida ba.

Ana cikin haka wani ogana a ofis ya ja ni wani lambu a cikin gari inda masu sha'awar tsofaffin motoci suke haɗuwa ranar Lahadi da la'asar. Ban taɓa sanin akwai irin waɗannan mutane a garin nan ba. Manyan mutane ne, kowa da tsumma a hannu yana goge motar da ta girme shi, ana buɗe gaban mota ana leƙa inji kamar ana duba jariri. Kalma ɗaya ce a bakinsu, orijinal. Fitila orijinal, sitiyari orijinal, har notin taya sai an tambayi asalinsa. Wanda ya canza wa motarsa ko madubi ne, kallon mai laifi ake yi masa. Da na ji an ambaci irin motar Alhaji ana cewa ta yi wuya yanzu, sai bakina ya yi ƙaiƙayi, na ciro waya na nuna hotonta.

Ogan ya kalla, ya cire tabarau ya sake kallo, ya tambaya wane mara imani ne ya yi wa motar nan wannan aika-aika. Wayar ta zaga hannu ya kai goma, kowa na dariya, wani ya ce a kai ta gidan zu. Ni da furfura a gemu, sai ga ni na koma yaron da ake saukewa a kwanar gidan mai, har kunnuwana suna zafi. Wani tsohon likita ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar, ya ce a ƙasashen da aka ƙera motocin nan, a da masu hali inji da ƙafafu kawai suke saya su kai wa maƙeri ya gina musu jiki daidai bukatarsu, kuma irin wannan ɗaya ce tak a duniya, sauran kuwa dubbai ne. Ya tambaye ni don wa aka yi. Ni kuwa hankalina yana wurin ogan da ke cewa in aka sauke doron aka samo rufi na asali, motar nan za ta tsaya a sahun gaba.

Washegari da safe na je gaida Inna, na durƙusa a bakin ƙofa na ce ina so in kai motar Alhaji a mayar da ita asalinta, a cire doron da ƙofar da kujerar, tunda ga jif. Ta ci gaba da jan carbi har na zaci ba ta ji ba. Can ta dubi bango ta ce, "Mota ai ta mai ita ce. Ya yi yadda ya ga ya dace." Na ce na gode, na tashi da murnata. Ni da nake gyara wa mutane Hausa, wallahi izini na ji.

Wurin mutumin da ya yi aikin tun farko na kai ta, don shi ya san inda ya haɗa. Yana nan a Mararaba, a wani lungu bayan masu sayar da katako, ya tsufa ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari saboda wutar walda. Ɗan asalin ƙauyukan wajen Karshi ne, Kirista, da ɗan gicciyensa na ƙarfe da ya ƙera da kansa a rataye a bakin rumfa. Baba mai walda muke ce masa tun muna yara. Da ya ga motar ya taso yana dariya, ya shafa doron kamar ya ga ɗan'uwa, ya yi min ta'aziyyar Alhaji karo na biyu. Da na faɗi abin da ya kawo ni dariyar ta ɗauke.

Ya ce, "Mama ya sani?"

Na ce, "Ta sani ake cewa, Baba. Mama mace ce."

Ya dube ni da lafiyayyen idon ya ce to, ya karɓi makulli. Sai daga baya na lura tambaya ya yi min, ni kuma na gyara masa ita na mayar masa da abarsa.

Mako uku mutumin nan yana ja min rai. Yau babu wuta, gobe iskar walda ta ƙare, jibi ya tafi ƙauye jana'iza. Na samo rufin asali a wurin masu yanka motoci, na sa aka kai masa, ya jingine shi a bango ya ce zai duba. A cikin makonnin ne 'yar ƙanwata da ke aure a Orozo ta haihu ranar Asabar, namiji, tattaɓa-kunnen Inna na farko, aka yi masa huɗuba da sunan Alhaji. Gida ya cika da murna, ni kuma abin da ke raina shi ne ogan ya fara tambayata a ofis ina labarin Raƙumi. Ranar Laraba na tashi daga aiki na wuce Mararaba na sauke wa tsohon nan kwandon masifa. Na ce in ba zai iya ba ya faɗa, garin nan ba shi kaɗai ya iya riƙe guduma ba, in gobe ta wuce bai fara ba zan zo da janwe in ɗauke motata. Maƙwabtansa har suka leƙo. Ya ce, "Oga, gobe."

Alhamis na dawo gida da wuri, wajen ƙarfe huɗu, na tarar da ƙanwata, kakar jaririn, tsaye a bayan gida tana kallon rumfar da babu komai a ƙarƙashinta. Ta zo ɗaukar manyan tukwane ne na suna. Ita ba ta da kunyar kowa, kuma da ita Inna take hira kamar ƙawa. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta tambaye ni ina motar. Na faɗa mata. Ta dafe kai ta zauna a kan turmi.

Ashe ta shiga ta tambayi Inna wane zani za ta ɗaura ranar suna, Inna ta ce ba za ta je ba, ƙafa. Ƙanwata ta ce wace ƙafa, jaririn da ya ci sunan Alhaji? Ta matsa, ta matsa, har Inna ta faɗa. Jif ɗin nan sai an ɗaga ƙafa an hau sannan a sunkuyar da kai a lokaci guda, kuma duk sau biyun da ta shiga ji ta yi kamar ana zare mata ƙarfen bayan. Ba zazzaɓi ba ne ya kwantar da ita. Ta kasa faɗa ne don ɗan fari ne ya saya, da kuɗinsa, yana murna. Tun cikin yarinyar yana wata bakwai ta sa aka ɗinka mata atamfa ta ajiye a ƙasan akwati, da niyyar in an haihu za ta aika a gaya min a tayar mata da tsohuwar motar ko sau ɗaya ne. Sai ga ni na durƙusa a ƙofarta da maganar asali. Ta ce tana jin ƙarar injin ranar da na fita da ita, har na sha kwana.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, kai da Hausa ta yi wa yawa, in Inna ta ce ka yi yadda ka ga ya dace, me ta ce?"

Na sani. Wallahi na sani, tun ina goye nake jin irin wannan magana, ko a bakin wa na ji ta zan gane a'a ce. Laifi tudu ne, na taka nawa shekara da shekaru ina hango na masu cewa "matata ya tafi". Suna jibi ne, kuma jiya na tsaya a kan tsoho na ce lallai yau ya fara yanka.

Na kira Baba mai walda a waya. Sai a kira na uku ya ɗauka, bayansa ƙarar janareta da injin yankan ƙarfe. Na ce ya dakata, kada ya taɓa komai, ga ni nan zuwa. Ya ce me? Na sake faɗa da ƙarfi.

Ya ce, "Oga, ai na riga na cire ta. Tun safe ta fita."

Layin ya yanke. Na sake kira, a kashe.

Na tsaya a tsakar gida ina lissafi irin nawa. Ta, in ji shi. Kujera mace ce, ƙofa mace ce, duka biyun kuma noti ne ya riƙe su, abin da aka kwance da safe ana iya ɗaure shi da yamma. Rufi namiji ne, doro namiji ne. Da rufin ya yanke da cewa zai yi na cire shi. Har na gaya wa ƙanwata ta kwantar da hankalinta, kujera ce kawai ya cire, na shiga jif na fita.

Wanda ya san hanyar Mararaba da yammacin ranar aiki ya san abin da na tarar. Duk ma'aikatan da suka shigo gari da safe a lokacin suke komawa, tun daga gangaren Kugbo motoci suka tsaya cak, sahu huɗu ya zama bakwai, masu sayar da ruwa da gyaɗa suna wuce mu a ƙafa. Ina zaune ina dukan sitiyari ina kiran lambar da ke kashe. A nan, ina kallon bayan wata motar haya, abin ya faɗo min. Wa ya ce na cire ta? Mutumin da ya ce Mama ya sani. Mutumin da in yana ba da labarin mahaifina yake cewa Alhaji ta zo, Alhaji ta ce. A bakin Baba mai walda ta da shi duk abu ɗaya ne, wanda ya riga zuwa harshe shi yake fita. Na gina kwanciyar hankalina a kan ƙa'idar da ni kaɗai nake bi a tsakaninmu.

Daga nan na rasa natsuwa. Na zagi wani direban bas da bai yi min komai ba, na hau gefen titi har wani mai kaki ya buga min gaban mota da tafin hannu. Abin da nake gani kawai atamfar nan a ƙasan akwati. Da kyar na kai Nyanya, na cusa jif ɗin a wani gidan mai na roƙi mai gadi ya duba min, na tare ɗan acaba, ni da babbar riga da takalmin ofis. Muka riƙa kutsawa tsakanin motoci gwiwata na gogar ƙarfe, ina ce masa ya ƙara wuta, yana ce min Alhaji rai ɗaya ne.

Tun daga bakin lungun masu katako na hango ta. Kujerar tana nan, ƙofar tana nan. Sama ce babu. Motar tana tsaye a buɗe kamar an fasa ƙwai, doron kuma yana ƙasa a gefe, an kifar da shi a rigingine a kan tsofaffin tayoyi biyu. A cikinsa ga ƙarfen kamawar yana kallon sama. Ban taɓa duba shi da kyau ba sai ranar. Alhaji ya naɗe shi da jan fata, fatar ta yi baƙi ta yi sulɓi daidai inda yatsu huɗu suke zama.

Na so in yi masifa, don ita na iya, amma babu wanda zan yi wa. Baba mai walda yana zaune a kan benci yana cin dafaffiyar masara. Ya matsa min na zauna, na gaya masa komai, ban rage ba. Bai ce ai na faɗa maka ba, ko da yake da ya faɗa da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi mako ukun nan da ya yi yana min ƙarya, jira yake ko wani a gidanmu zai zo ya ce a bari. Sannan ya ba ni labarin ƙarfen. Sau uku Alhaji ya kawo Inna lungun nan a kwance a bayan motar aro, a zaunar da ita a kan wannan bencin, shi Baba ya riƙe ƙarfe a saman kanta yana matsawa sama da ƙasa, gaba da baya, har sai da ta gyaɗa kai. Ya ce bai taɓa auna wa mutum mota kamar tela ba sai a kanta.

Na ce a mayar yanzu, ko nawa ne, ko mutum nawa za a kira. Ya tashi ya ja ni ya nuna min bakin inda ya yanka. A kan tsohon ɗinkinsa ya bi, a hankali, bai ci ko yatsa ɗaya daga jikin motar ba, amma shekara talatin ruwa yana kwanciya a wurin, tsatsa ta cinye ƙarfen ta ciki. Ya sa yatsa ya danna, ya marmashe kamar ƙanzo. Sai an yanko sabon ƙarfe an buga, an sake lanƙwasa sandar da ke ɗauke da nauyin mutum, kwana goma in wuta ta yi kirki.

Ya ce, "In na ɗana ta da sauri, rami ɗaya a hanyar Orozo, ya faɗo wa Mama a kai. Ni ba zan yi ba."

Ban gyara masa ko harafi ɗaya ba.

Abin da ya iya yi shi ne ranar Juma'a. Na ɗauki uzuri a ofis na zo tun safe na cire riga. Ya goge bakin yankan don kada ya yanki mutum, ya naɗe shi da tsohuwar roba, ya lanƙwasa sandunan gora huɗu daga gefe zuwa gefe muka ɗaure tamfol a kai saboda damina ba ta gama tafiya ba. Na tafi masallaci na dawo na same shi yana zuba wa gindin kujerar mai. Na tambaya ko za a ɗaura ƙarfen kamawar a jikin gorar, ya ce gora ba ta ɗaukar mutum, kada ma in bari ta taɓa. Sai ya sa ni na tsaya a bakin ƙofar, ƙafa ɗaya a ciki, ya kama hannuna na dama ya miƙar da shi a gicciye, ya ce in dafa ginshiƙin ƙofa da tafin. Ya ɗaga shi kaɗan, ya sauke kaɗan, yana kallo da ido ɗaya. Ya ce nan ne, daidai goshina, kada in manta.

Da la'asar na shigo da ita Gudu, yaran layi suna bin mu da ihu, tamfol na kaɗawa. Na wuce sashen Inna na durƙusa inda na durƙusa mako uku da suka wuce. Na ce na yi kuskure, an yanke rufin, ƙarfen ba ya nan, za a mayar amma ba kafin gobe ba, kujera da ƙofa suna nan. Na ce ta yafe min. Ina jin ƙarar carbinta ɗaya bayan ɗaya. Ban san ko za ta je ba, kuma na san in ta ce ƙafa, shi ke nan, ba wannan sunan kaɗai ba, ba za ta sake yarda a tayar da mota dominta ba. Can ta ɗaga murya ta kira matata, ta ce a ciro atamfar da ke ƙasan akwati a goge.

Asabar da hantsi hadari ya haɗo ta gabas. Na kawo motar daidai ƙofar sashenta, na buɗe doguwar ƙofar, na juyo da kujerar waje. Ta fito da sandarta, ƙanwata na gefe, atamfar sabuwa fil da ƙamshin turaren wuta. Rabonta da wannan tsakar gidan ta waje shekara ɗaya da rabi. Ta dubi gorar da tamfol ɗin sau ɗaya. Ta miƙa wa ƙanwata sandar, ta juya ta ba wa kujerar baya kamar yadda ta yi shekara talatin, ta ɗaga hannun dama sama ba tare da ta duba ba.

Hannun ya rufe a kan iska. Ta buɗe shi ta sake lalubawa, jikinta ya ɗan yi baya, ƙanwata ta yi salati ta riƙe mata ƙugu, amma ba ta ƙugu ake sauke Inna ba, daga sama take rataya. Na sa ƙafa ɗaya a cikin motar, na miƙa hannuna a gicciye daidai goshina na dafa ginshiƙin.

Yatsunta suka taɓa fatar hannuna ta janye kamar ta taɓa tukunya. Muka tsaya a haka, ita da hannu a sama, ni da kai a ƙasa, iskar hadari tana buga tamfol. Iya wayona ban tuna ranar da Inna ta taɓa ni ba. Sannan ta kama, yatsu huɗu a sama babban yatsa a ƙasa, ta fara sakin nauyinta a hankali. Ban san tana da nauyi haka ba, kuma ban san hannuna zai ci amanata ba, ya kama karkarwa tun daga kafaɗa.

Ta tsaya a rabin hanya, a rataye, ta juya ido wajen ƙanwata.

Ta ce, "Ki ce masa ya daina rawa. Ƙarfen babansa ba ya rawa."

Na cije leɓe na ƙame iya ƙarfina har ta zauna, na juya kujerar ciki na rufe ƙofa. Sau huɗu ta kama hannun nan a ranar, biyu a Gudu biyu a Orozo, kuma duk sau huɗun sai da ya yi rawa.